Ramukan Allura a Kakin Baba

Asabar, 2 ga wata, bayan asuba

Da sunan Allah. Littafin nan na saye shi ne don rubuta awon rigunan mutane, amma tunda ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ta fita waje ba, bari in faɗa masa.

Yau kwana goma sha ɗaya Baba bai fita bencin Mai Aski ba. Mutumin da shekara talatin ko ruwa ake yi sai ya ɗauki sandarsa ya je. Ranar da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta zo rubuta sunaye, an ce kowa ya kawo takardar sallamarsa. Sakatarensu ya karanta ta Baba da ƙarfi a ƙofar shagon: lambobin yabo biyu. Duk unguwa kuwa ta san huɗu Baba yake cewa, ta daɗewa a aiki, ta yaƙi, ta ƙetare kogi, da ta raunin ƙafarsa. Minda yake ce musu. Mai Aski ya ce, "To Saje, sauran biyun kogin ne ya tafi da su?" Aka yi dariya. An ce Baba ma ya yi. Da ya shigo gida sai ya ce a mayar masa da kujerarsa ɗaki.

Jiya ni da Yaya mun je wurin likita. Ya yi magana mai tsawo, yana juya biro. Ba zan rubuta ba.

Na ɗaura niyya. Za a gyara takardar nan, kuma Baba zai ji da kunnensa.

Litinin, 4 ga wata, bayan la'asar

Na je ofishin da ake ajiye takardun tsofaffin sojoji. Benci uku, fanka ɗaya mai kuka, da tagogi huɗu, biyu a rufe. Na zauna daga hantsi har azahar ina jan carbi. A taga ta uku akwai wata mata mai tabarau a rataye da igiya, mutanen benci suna ce mata Mai Hatimi, wai ko gaisuwa sai ta buga mata hatimi kafin ta amsa. Ni dai ta amsa tawa.

Ta ba ni fom. Ta ce gyara yana yiwuwa, amma sai da hujja ɗaya cikin biyu: ko lambar umarnin da aka ba shi mindar da shi, ko takardar rantsuwa ta wanda ya gan su a ƙirjinsa da idonsa. In babu ko ɗaya, sai a tura a nemo fayil ɗinsa a rumbun ƙasa, kuma layin ya kai wata shida.

Na ce, "Hajiya, ba mu da wata shida."

Ta sa tabarau ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Allah ya saka mata.

Talata, 5 ga wata, da hantsi

Baba ya sha rabin kofin shayi. Ya ce sukari ya yi yawa. Ban sa sukari ba.

Laraba, 6 ga wata, bayan magariba

Mun yi faɗa da Yaya. Ko in ce shi ya yi, ni na yi shiru, wanda a wurinsa ya fi faɗa zafi.

Ya dawo daga tasha da makullin motarsa a hannu, ya karanta fom ɗin a tsaye, ya ce, "Ai an gama. Ke za ki rantse. Ke ce malama, matan unguwa duk a hannunki suka koyi karatu, wa zai ce kin yi ƙarya?"

Na ce, "Yaya, shekarata shida lokacin da ya bar aiki."

"To mai shekara shida makauniya ce?"

Na ce masa na rufe ido na nema, na nema. Ina tuna takalmansa a bakin ƙofa, ina tuna warin man da yake goge su da shi, ina tuna hularsa a kan ƙusa. Ƙirjinsa ban tuna ba. Ban isa can ba, a gwiwarsa nake tsayawa.

Ya ce, "Kina nufin Baba ƙarya yake yi?"

Na ce, "Baba bai taɓa ƙarya ba. Shi ya sa ba zan gyara masa takarda da ita ba."

Ya ce to shi zai rantse. Shi da yake wurin Kaka a lokacin, sai bayan shekara ya dawo. Na ce in ya rubuta, ya kai da ƙafarsa, hannuna ba zai ɗauka ba. Ya ce wannan tsantseni nawa wata rana ko ruwa ba zan sha ba sai an kawo shaidu biyu cewa ba na wani ba ne. Ya fita ya bugo ƙofa, ya dawo ya rufe ta a hankali saboda Baba yana barci.

Ban yi kuka ba.

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Na tambayi Baba abokan aikinsa. Ya lissafa mini tara a yatsunsa. Bayan kowane suna sai ya ce Allah ya ji ƙansa.

Asabar, 9 ga wata, bayan la'asar

Alhamdu lillahi.

Da safe Baba ya ce in fito da kakinsa daga akwati in shanya, in goge. Ban tambaye shi dalili ba. Kwanan nan yana ta sa a fito da abubuwa. Na shimfiɗa rigar a teburin yanka, na ɗauko dutsen guga. A saman aljihun hagu akwai 'yan ƙyallaye biyu masu ratsi, irin waɗanda soja yake ɗinkawa a madadin minda. Na sha ganinsu. Amma yau hasken taga ya faɗo a kai daga gefe, sai na ga yadin da ke kusa da su bai koɗe kamar sauran ba. Wuri ne mai kusurwa huɗu, tsawon ƙyalle biyu daidai. Na kai rigar bakin ƙofa na ɗaga ta a rana. Ramukan allura, a jere, kanana, tazararsu ɗaya. Shekara ashirin da shida ina ɗinki, na san wurin da aka farke.

Na shiga wurinsa da rigar. Na ce, "Baba, wa ya cire biyu a nan?"

Ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "Uwata, idonki ya yi yawa."

Shi ya cire. Ya ce umarni ya fito, an karanta sunansa a fareti, telan bariki ya ɗinka masa ƙyallayen, ƙarafan ne ba su iso ba. Sai ciwon Inna ya tashi, ya roƙa a sallame shi da wuri. Magatakarda ya buga takardar cikin gaggawa ya miƙa masa. A barandar asibiti ya buɗe, ya ga biyu. Ya ari reza wurin wani mai jinya ya farke sauran.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka koma ka yi magana ba?"

Ya ce, "Uwarki tana kwance, in tafi neman ƙarfe? Kuma abin da takarda ba ta ce ba, ba na ɗora shi a ƙirjina. Da baki dai zan faɗa, don ya faru."

Na ce ina ƙyallayen? Ya ce ya zubar a wurin.

Ina jin Yaya zai ce ga inda na gado.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Bai zubar ba. Ko ya zubar, wata ta tsince.

Gwangwanin maɓallan Inna yana hannuna tun ina budurwa. A ƙasansa akwai 'yan tsummoki biyu da nake turewa da yatsa duk lokacin da nake neman maɓalli, ban taɓa jefarwa ba don nata ne. Ɗaya shuɗi da fari, ɗaya ja da ratsin baƙi. Na ɗora su a kan rigar. Sun zauna kamar jiya aka ɗauke su. Har guntun zaren yana jiki.

Allah ya ji ƙan Inna. Tana kan gadon asibiti, ko ta yaya ta sa aka tsinto mata, Allah kaɗai ya sani.

Ban nuna wa Baba ba tukuna.

Litinin, 11 ga wata, bayan azahar

Na kai wa Mai Hatimi rigar da ƙyallayen. Ta fito daga bayan taga, abin da 'yan benci suka ce ba su taɓa gani ba, ta ɗaga rigar a hasken ƙofa. Ta ce, "Na gani, wallahi na gani. Amma 'yar'uwa, rami ba takarda ba ne. Ba ni da inda zan buga masa hatimi."

Na dawo a motar haya ina tunani. Ni ɗin nan da ba kowa ba, ba na ɗinka ko zani sai na rubuta sunan mai shi da ranar da ya kawo. To telan bariki fa, mai sojoji ɗari-ɗari?

Baba ya yi dariya da na tambaye shi, dariyar farko cikin sati uku, har ta sa shi tari. Ya ce Inci Biyu suke ce masa, don kowane wando sai ya ƙara masa inci biyu, wai soja zai yi ƙiba in an yi zaman lafiya. Bai san ko yana raye ba.

Talata, 12 ga wata, da safe

Na aika wa Yaya saƙo. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Na ce kawai ana neman wani tsohon tela.

Laraba, 13 ga wata, da la'asar

Likita ya zo gida. Ya canza maganin. Ya ce a bar shi ya ci duk abin da yake so.

Alhamis, 14 ga wata, bayan magariba

Yaya ya shigo yana huci kamar shi ya ci yaƙin. Ya ce, "Malama, ke da carbinki, ni da direbobina. Kwana biyu!" Ya baza maganar a tasha, wannan ya faɗa wa wancan, har wani mai ɗaukar kaya ya ce ai akwai wani tsoho a bayan tsohuwar barikin da har yanzu in ka wuce sai ya ce maka wandonka ya ɗage. Yana zaune wurin 'yarsa. Tafiyar awa uku ce.

Na ce, "Sannu Yaya, Allah ya biya ka."

Ya ce, "Kin tabbata Allah zai biya ni, ko sai kin ga takarda?"

Na kawo masa shayi. Mun shirya.

Asabar, 16 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a hankali don kada in manta komai.

Maƙwabciyata ta zauna da Baba. Mun tashi bayan asuba. Gidan ƙarami ne, da tsohon keken ɗinki a baranda an rufe shi da buhu. Tsohon yana kan tabarma, ɗan ƙanƙani, idanunsa sun yi fari. 'Yarsa ta ce ba ya gani sai inuwa, amma kunne da baki lafiya lau, "bakin ma ya fi da."

Na gaishe shi na miƙa masa rigar. Ya shafa wuyan, ya shafa kafaɗa, ya juya aljihun ya bi bayan ɗinkin da farce. Ya ce, "Wannan hannuna ne. Ni kaɗai nake komawa baya sau biyu kafin in ƙulle." Yatsansa ya matsa gefe ya tsaya. "Wane mara kunya ne ya farke mini aiki da reza?"

Yaya ya ce, "Mai rigar ne, Baba."

"To ku ce masa bai iya ba. Ya ja zare."

Na tambaye shi ko yana rubutawa. Ya ji haushi sosai. Ya ce yana sabon zuwa wani kofur ya sa shi ya ɗinka masa ƙyallen da ba a ba shi ba, aka gano, aka kulle shi kwana bakwai a gadurum tare da kofur ɗin, wanda yake minshari. Tun daga ranar ko janar ne ya zo, ba ya zura zare sai an nuna masa umarni ya kwafe lambarsa. 'Yarsa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafai goma sha tara, an ɗaure da igiyar wando. Ta ce sau uku tana son ta ba masu awo su naɗe kaya, yana cewa sai bayan ransa.

Lambar Baba tana rubuce da tawada a cikin wuyan rigar. Muka raba littattafan, ni da Yaya da ita. Gara ta ci wasu. Na yi ta addu'a a zuciyata kada ta zama ta ci namu. A littafi na goma sha huɗu Yaya ya yi ihu har kajin gidan suka watse. Lambar Baba, faɗin ƙirji, tsawon hannu, sai a ƙasa: ƙyalle biyu, na kogi da na rauni, bisa umarni mai lamba kaza, da kwanan wata. A gefe kuma an rubuta, wando a ƙara inci biyu.

Tsohon ya ce, "Shi ne dogon nan da ya ɗauko mutum uku a ruwa ɗaya bayan ɗaya? Ya yi ƙiba?"

Na ce, "A'a, Baba. Bai yi ba."

Ya ce a kawo takardar rantsuwar, shi ya gani da idonsa lokacin yana da su. Yaya ya kai shi wurin mai rantsarwa a motarsa, ya zaunar da shi a gaba. Bai yarda mu tafi da littafin ba sai da 'yarsa ta biyo mu da shi a jakarta.

A hanya Yaya bai kunna rediyo ba. Can ya ce, "Mutum uku. Mu kuwa mutum biyu yake faɗa mana."

Na tambayi Baba da muka dawo. Ya ce na ukun bai rayu ba, don haka ba ya lissafa shi.

Litinin, 18 ga wata, da azahar

Mai Hatimi ta karanta lambar umarnin, ta cire tabarau, ta rufe tagarta da mutane a layi, ta sauka rumbun da kanta. Minti arba'in. Ta dawo da ƙura a mayafinta da fayil a hannu. Ta ce da lamba komai yana da wurinsa.

Shafi biyu ne. Tsatsar ƙusar takarda ta manne su kamar ɗaya. Ta raba su da wuƙar buɗe wasiƙa a gabana. Na farko minda biyu. Na biyu minda biyu. Magatakardan bai juya ba, shi ke nan. Shekara arba'in da biyu.

Na so in ji haushinsa, sai na tuna Baba ne ya tsaya a kansa yana cewa ya yi sauri. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Ta buga hatimi har sau uku, teburin yana girgiza. Wani tsoho a benci ya ce, "Yau Hajiya da wa take faɗa?" Saura sa hannun babban ofisa. Ta ce ya yi tafiya, sai Alhamis.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Cokali uku Baba ya ci.

Laraba, 20 ga wata, bayan asuba

Ya kira ni da sunan Inna. Daga baya ya gane ni. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa, ya bi ni da leɓe.

Ya Allah, Alhamis.

Alhamis, 21 ga wata, da la'asar

Ofisan bai dawo ba. Na zauna a bencin har aka tashi. Ban yi kuka ba. Mai Hatimi ta karɓi kwatancen gidanmu ta rubuta a tafin hannunta.

Juma'a, 22 ga wata, bayan magariba

Ta zo. Da kanta, bayan an tashi aiki, da ambulan a jaka da ƙaramin akwati. Ashe gidan ofisan ta bi shi, ta tsaya a ƙofa har ya sauko daga mota. Ta ce mahaifinta ma soja ne, tasa takardar ba a gyara ba sai bayan. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Baba yana farke, kuma yau idonsa tar. Na ce, "Baba, ga baƙuwa daga ofis." Ya ce a tayar da shi zaune, a sa masa hula. Na buɗe ambulan zan karanta, ya ɗaga hannu.

"Ba a nan ba. Gobe, a waje."

Asabar, 23 ga wata, da azahar

Da safe na nuna masa ƙyallayen. Na faɗa masa inda na same su. Ya riƙe su a tafin hannu ya daɗe. Ya ce, "Matar nan ba ta taɓa jin maganata ba." Ya juya fuska bango, na fita na ba shi wuri.

Na zura zare zan ɗinka, ya ce a'a, sai an karanta tukuna.

Yaya ya ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya, kamar ba komai a kai. Ni ma na lura, shi ma ya lura, ba mu dubi juna ba. Muka ajiye shi a ƙofar shagon da kakinsa a jiki, rigar tana lilo a kafaɗunsa. Mai Aski yana tsakiyar yi wa wani aski, ya tsaya da almakashi a sama. 'Yan bencin duk suna nan, an kira sakataren ƙungiya ma.

Ni da ko a aji ba a jin muryata daga baya, Baba ya ce, "Uwata, da ƙarfi. Mai Aski kunnensa ya tsufa."

Na karanta. Lambarsa, muƙaminsa, shekarun aikinsa. Ta daɗewa a aiki. Ta yaƙi. Ta jarumta a ƙetare kogi. Ta rauni a fagen fama. Huɗu. Na karanta har sa hannu da kwanan wata, har abin da ke cikin hatimin.

Mai Aski ya ajiye almakashi, ya zo ya durƙusa a gaban kujerar, ya ce, "Saje, bakina ne. Ka yafe mini."

Baba ya ce, "Na yafe. Amma ka tashi ka ƙarasa wa bawan Allah nan, ka bar shi da rabin kai."

Aka yi dariya, irin ta da. Sakataren ya ƙame ya sara masa, tsofaffi biyu suka miƙe suka yi haka, ɗaya da sanda a hammata. Yaya ya maƙala masa ƙarafan huɗu, biyu na da da biyun da suka zo a akwatin Mai Hatimi, ya soki yatsansa, ya ce ga ta biyar nan tasa ce, ta rauni.

Sai Baba ya ce, "To yanzu ɗinka."

A jikinsa na ɗinka, a tsugune, a gaban kowa. Ban huda sabon wuri ko ɗaya ba. Ramukan suna nan, allura tana faɗawa da kanta. Ina jin numfashinsa a bayan hannuna. Da na zo ƙarshe na koma baya sau biyu kafin in ƙulle.

Wani ya ce, "Saje, ba mu labarin kogin nan."

Ya gyara zama. Na tattara zarena na koma gefe. Yau ya ce mutum uku.

Lahadi, 24 ga wata, bayan asuba

Ya ce kada a mayar da rigar akwati, a rataye ta inda zai gan ta. Ya sha shayi kofi guda, ya ce babu sukari. Na sa masa.